Ƙashi ne ko dutse? Yadda za ka gane abin da ka tsinta a ƙasar Zariya

Bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka yi a watan Agusta, ɗan yayata ya shigo mini da wani abu ƙunshe a leda. Ya ce a wani kwazazzabo ya tsince shi can wajen Samaru, inda ruwa ya ci gaɓar rafin Kubanni. Abin ya kai girman dunƙulen hannu, launinsa tsakanin baƙi da ja, ga nauyi, jikinsa kuma duk 'yan ramuka. Ya ce, "Kawu, don Allah duba mini. Abokaina sun ce ƙashin dainaso ne, irin wanda muke gani a waya."

Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin yaron da ya sunkuya ya ɗauki abu daga ƙasa yana son sanin asalinsa ya kama hanyar ilimi. Na karanci ilimin duwatsu, kuma ba wannan ne karo na farko da aka kawo mini irin wannan ba. Masu haƙar rijiya sun kawo, magina sun kawo daga ramin harsashin gini, manoma sun kawo daga fadama. Hanyar da muka bi ni da shi a wannan yammacin ita zan shimfiɗa a nan, kuma kusan duk abin da ake bukata yana cikin gida.

Mu fara da sanin abin da muke nema. Idan dabba ta mutu, laka ko yashi suka rufe ta da wuri kafin kuraye da rana su gama da ita, naman yakan ruɓe, ƙashin ya saura. Ruwan da ke tsiyaya a ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da ma'adinai, sai ya riƙa ajiye su cikin ƙananan kofofin ƙashin sannu a hankali har su cika. Ƙirar ƙashin tana nan, amma jikinsa ya koma dutse. Shi ne ake kira burbushin halitta. Masana sun saba sanya iyaka a shekara 10,000: abin da bai kai haka ba tsohon ƙashi ne kawai, ko da ya yi baƙi ƙirin. Ke nan tambayoyi biyu ne a gabanka, kuma kada ka cakuɗa su. Ƙashi ne ko ba ƙashi ba? In ƙashi ne, ya koma dutse ko na saniyar bara ne?

Kafin ka ɗaga shi

Ɗan yayata ya riga ya ɗauko nasa, ya kuma wanke shi da omo. Da ya tambaye ni tun farko da na ce ya dakata. Ka fara ɗaukar hoton abin a inda yake kwance, ka ajiye biro ko kwalin ashana a gefensa don a gane girmansa. Ka ja da baya ka ɗauki wurin gaba ɗaya. Ka sa alamar wurin a taswirar wayarka. Ka lura da zurfin da yake, da irin ƙasar da ke riƙe da shi: jar ƙasa ce, yashi ne, baƙar laka ce, ko tsohon juji ne mai toka da tsingaro. Masani zai iya gaya maka abubuwa da yawa daga wannan bayanin, kuma da zarar an cire abin ba tare da shi ba, rabin labarinsa ya tafi.

Ka sa leda a hannu kafin ka taɓa. Ƙwayar cutar saifa da ke kashe dabbobi tana iya zama a cikin ƙasa shekaru masu yawa a inda aka binne mushe, kuma tana kama mutum. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a yankin Suleja ta jihar Neja.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a wurina. Zariya tsohon gari ne. A ciki da wajen ganuwa akwai maƙabartun da aka manta da su, akwai kufai da gari ya sake mamayewa. In ka ga abin da ya yi kama da ƙoƙon kan mutum, ko muƙamuƙi mai jerin haƙora irin namu, ko ƙasusuwa a jere kamar an kwantar da mai su, to bincike ya ƙare a nan. Kada ka ƙwanƙwasa, kada ka ƙona, kada ka sa hoton a Facebook. Ka rufe wurin, ka sanar da mai unguwa, shi kuma ya sanar da 'yan sanda. Ya zo a hadisi cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma babu son sanin da ya isa ya sa mu keta wannan alfarma.

Ka tambayi ƙasar

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, alhali a Zariya shi ne ya fi yanke hukunci. Dubi Dutsen Kufena, dubi falalen duwatsun da ke leƙowa a gonaki da irin wanda ake fasawa a yi kankare. Wasunsu narkakken dutse ne da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma zafi da matsi suka sauya su. Masana sun ƙiyasta shekarunsu sun haura miliyan 500, tun kafin dabbobi masu ƙashi su bazu a doron ƙasa. Ko da ma akwai dabbobin a lokacin, ƙashi ba ya tsira a cikin dutsen da ya narke. A saman waɗannan duwatsu sai jar ƙasa da marmara, waɗanda suka samu daga ruɓewar dutsen kansa. Don haka wanda ya haƙa rijiya a Tudun Wada ko Sabon Gari ya ci karo da wani abu mai kama da ƙashi a cikin marmara, kusan tabbas ba na dainaso ba ne.

Burbushi yana zama ne a duwatsun da suka taru hawa-hawa daga laka da yashi a gindin ruwa. Muna da irinsu a arewa, sai dai ba a nan ba. Ƙasar Sakkwato ta taɓa kasancewa ƙarƙashin teku wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, kuma a tuddan yankin Goronyo da Wurno an samu ƙasusuwan kadoji da kunkuru da kifaye. An samu wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare wadda aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato cike yake da ɓawon halittun teku. A Ashaka ta jihar Gombe ma ana samun wasu halittun teku masu naɗaɗɗen ɓawo kamar ƙahon rago. In ka tsallaka Nijar, a Gadufawa cikin hamadar Tenere ta yankin Agadas aka tono dainaso mai suna Nigersaurus, wanda haƙoransa suka haura 500, da wani ƙaton kada mai suna Sarcosuchus.

Saboda haka tambayar farko ita ce, daga ina abin ya fito? In wani ya kawo maka shi tsaraba daga Sakkwato ko Agadas, ka ɗauke shi da muhimmanci. In a Zariya aka tsince shi, wurin da kawai zan tsaya in ƙara dubawa shi ne tsohuwar laka da yashin da koguna irin su Galma suka tara a gaɓarsu, domin can ƙashi yakan binnu ya daɗe. Ka kuma tuna cewa tifa tana kawo yashi da tsakuwa daga nesa, don haka abin da ka samu a tulin yashin gini ba lallai ɗan unguwar ba ne.

Ƙirarsa da fatarsa

Ka goge shi da busasshen buroshin haƙori, a hankali. Kada ka jiƙa shi cikin ruwa, kada ka kankare da wuƙa, domin wani burbushin yana marmashewa in ya sha ruwa. Ka fita da shi hasken rana.

Ƙashi an halicce shi ne don aiki, kuma aikin yana bayyana a jikinsa. Ka nemi gaɓa, wato wuri mai santsi, zagayayye ko mai lotsawa, inda yake haɗuwa da wani ƙashin. Ka nemi tudu ko tsagi inda jijiya ta kama. Ƙashin ƙafa dogo ne mai kumburi a kai da kai. Haƙarƙari a lanƙwashe yake, da faɗi. Ƙashin gadon baya yana da jiki kamar ƙaramar ganga, da rami a sama inda laka, wato babbar jijiyar baya, ke wucewa, kuma damansa da hagunsa iri ɗaya ne. Ido yana ruɗin mutum a nan, domin duk dutse mai tsawo da ƙulli a kai sai ya zama ƙashi ga wanda yake son ya ga ƙashi. Abin da ke maganin wannan shi ne ka samo ƙashin saniya ko na rago daga wurin mahauci, ka dafa, ka busar, ka ajiye su gefe da gefe. In ma kana da mahauci a unguwa, nuna masa. Dattijon da ya shekara talatin a kwata ya san ƙashin saniya fiye da yawancin masu digiri, kuma sau da yawa da kallo ɗaya zai ce maka, "Wannan ai gwiwar sa ce."

Sai fatar. Bayan ƙashi yana da wasu siraran layuka da ke bin tsawonsa duk ta fuska ɗaya, kamar zaren itace amma sun fi laushi. Nan da can za ka ga ƙaramin rami mai santsin baki inda jijiyar jini ke shiga. Dutse ba shi da wannan tsari. Ko dai ƙwaya-ƙwaya ne kamar yashin da aka manne, ko mai ƙyalli, ko sumul ba layi.

Launi kuwa kada ka dogara da shi. Ƙashin da ya kwana 'yan shekaru a lakar kududdufi yakan yi baƙi ko ruwan ƙasa, jar ƙasarmu kuma tana rina komai ja.

Cikinsa, inda gaskiyar take

In da za a ce in zaɓi gwaji ɗaya, wannan zan ɗauka. Ka nemi inda abin ya riga ya karye ko ya ɓantare. Kada ka fasa da kanka. Ka duba wurin da gilashin ƙara girma, ko ka kusantar da kyamarar waya ka ɗauki hoto ka buɗa shi.

Duk wanda ya taɓa tsotsar ɓargo ya san abin da zan faɗa. Ƙashi hawa biyu ne. Na waje ɓawo ne mai tauri, a matse. Na ciki, musamman wajen gaɓoɓi, kamar soso yake, wasu siraran sanduna ne da suka sarƙe da juna suka bar ƙananan kofofi. Dogon ƙashi kuma yana da rami a tsakiya, mazaunin ɓargo. Wannan tsarin ba ya ɓacewa don ƙashi ya koma dutse. Abin da ke faruwa shi ne kofofin sukan cika da ma'adini, sau da yawa mai wani launi dabam, sai ka ga kamar zanen saƙar zuma a jikin dutse. Ɓawo a waje, soso a ciki, da iyaka bayyananniya a tsakaninsu: in ka ga waɗannan uku tare, ƙashi ne a hannunka.

Ramuka kaɗai ba su isa ba, kuma a nan aka ruɗi ɗan yayata. Abubuwa uku ne a ƙasar Zariya suke da ramuka suna shigar ƙashi. Na farko marmara, wadda takan dunƙule ta yi siffofi iri-iri, har da masu kama da bututu, amma ramukanta ba su da tsari, manya da ƙanana a haɗe, kuma ja ce ciki da waje. Na biyu ɓallin suri, wanda ƙasa ce kawai gara ta gina, yana marmashewa a hannu. Na uku kashin maƙera, wato dattin da ke saura in an narka tama. Ramukansa zagayayyu ne kamar kumfa, domin iska ce ta yi su lokacin da yake tafasa, kuma wani gefen nasa yakan yi santsi da ƙyalli kamar abin da ya kwarara ya daskare. Da muka buɗa hoton nasa a waya, kumfa muka gani. Babu ɓawo, babu soso.

Itacen da ya koma dutse shi ma yana ruɗi, don yana da layuka. Nasa layukan sun fi kauri, wani lokaci da zobba irin na kututture, kuma ba shi da soso a ciki. Tsingaro kuwa kaurinsa ɗaya ne ko'ina, a lanƙwashe, da ɓurɓushin yashi a cikin yumɓun. In tsingaron yana da siffar ido ko hanci ko ado, ka riƙe shi da kyau. Mutum-mutumin Nok na yumɓu a kudancin jihar nan tamu aka fara samun su, a wurin haƙar kuza.

In ƙashi ne, ya koma dutse?

Ka auna shi a tafin hannu tare da busasshen ƙashin saniya mai kusan girmansa. Ƙashin da ya bushe ba shi da nauyi. Wanda ma'adini ya cika yakan yi nauyin da zai ba ka mamaki. Sannan ka ɗan ƙwanƙwasa shi da cokali, a hankali. Sabon ƙashi ƙararsa a dushe take kamar ta itace, wanda ya koma dutse kuwa yakan yi ƙara siririya kamar tangaran.

Za ka ji ana maganar gwajin harshe, wai ƙashi yana manne wa harshe saboda kofofinsa suna tsotse yawu. Gaskiya ne yana mannewa, amma ban yarda kowa ya lashi abin da ya tsinta a ƙasa ba, bayan abin da na faɗa kan cutar saifa. Ka ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wurin da ya karye ka ga ko zai shanye. Kuma gwajin ba ya rabe komai sosai, tunda tsingaro da busasshiyar laka su ma suna shan ruwa.

Gwajin wuta ya fi shi amfani. Ka kama allura da filaya, ka gasa bakinta har ya yi ja, ka dangwala a wani ɓoyayyen gefe. Ƙashin da bai daɗe ba yana da sauran sinadarin jiki a cikinsa, zai yi tabo, ka ji ƙauri irin na babbakar kan rago ranar Sallah. Wanda ya koma dutse ba zai yi ƙauri ba. Sai dai ka sani, ƙashin da ya shekara ɗaruruwa a ƙasa shi ma yana iya rasa ƙaurin, don haka jin ƙauri yana tabbatar da sabon ƙashi ne, rashinsa kuwa bai isa hujja shi kaɗai ba. In sauran alamun sun riga sun nuna abin mai daraja ne, ka bar wannan gwajin, kada ka yi masa tabo.

Sauran biyu na kore zato ne. Ka ɗiga ruwan khal ko na lemun tsami: in ya yi kumfa, akwai irin dutsen siminti a jikinsa, wanda ke nuna ko dai dutsen ne kawai, ko kuma abin ya fito daga irin ƙasar Sakkwato. Ka kuma kusantar da mayen ƙarfe, irin na tsohuwar sifika. Ƙashi ba ya jan sa. Na ɗan yayata ya ɗan ja, abin da ya ƙara tabbatar mana akwai ƙarfe a ciki.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai tsaya shi kaɗai. Kashin maƙera yana da nauyi, yana ƙara kamar tangaran, ba ya ƙauri, amma ba ƙashi ba ne. Shi ya sa tsarin ciki yake gaba da su duka.

Inda za ka kai shi

Mu a Zariya mun yi sa'a, masanan suna kusa. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen ilimin duwatsu, akwai sashen binciken kayan tarihi, akwai kuma tsangayar likitancin dabbobi inda ake koyar da ƙirar ƙasusuwa. A Kaduna akwai gidan tarihi na ƙasa, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi da aka kafa a 1979. Ka naɗe abin da takarda mai laushi, ka sa a kwali don kada ya yi ta karo, ka rubuta ranar da wurin da aka same shi a takarda ka haɗa. In ya karye gida biyu kada ka manne da gam, ka kai shi haka. In kuma ka ga ƙasusuwa da yawa a jere cikin dutse, kada ka tona ko ɗaya, hoto ya isa, su za su zo.

Ina roƙonka ka yi hattara da masu cewa za su haɗa ka da Bature mai sayen irin wannan da miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na takarda. Damfara ce. Ban da haka, doka ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su daga ƙasar nan ba da izinin hukuma ba.

Da na gaya wa ɗan yayata abin nasa kashin maƙera ne, sai jikinsa ya yi sanyi, ya miƙa hannu zai jefar. Na riƙe hannunsa. Na ce masa a shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi na jami'ar sun tono wuraren narkar da tama a yammacin Samaru, shaidar cewa mutanen wannan ƙasa suna fitar da ƙarfe daga dutse tun ƙarnuka masu yawa. Abin da ke hannunsa wataƙila daga murhun ɗaya daga cikinsu ya fito. Ya yi shiru yana juya shi, sannan ya ce a kwazazzabon akwai wasu da yawa, har da wasu fasassun bututun yumɓu da bai kula da su ba. Na ce masa irin waɗannan bututun ta cikinsu ake zuga iska zuwa murhu. Muka yi alkawarin komawa ranar Asabar da safe, da waya da biro da kwali, kafin wani ruwan ya kwashe su.